Ƙafa Bakwai

Kakata Ermelinda ta shekara hamsin tana surfani
a Santana, can saman tsibirin Madeira,
inda gajimare ke shigowa tsakar gida ba sallama.
Da allura ta fara kuɓuce mata
sai ta sayi tsohuwar kyamara a Funchal,
ta koma rarrafe a bakin magudanar ruwa,
gwiwa a taɓo, numfashi a riƙe,
tana farautar abin da bai kai ƙwayar wake ba.

Da dare ni ke riƙe linzamin kwamfuta,
ita ke riƙe ni.

"Lígia, buɗe na jiya."
Na buɗe. Rana ta cinye furen,
fari fat kamar farantin da aka suɗe.
Na janye hasken a hankali
yadda ake zare itace daga murhu,
sai ga jijiyoyin fure suna dawowa ɗaya-ɗaya,
sai ga raɓa uku da ba mu san da su ba.

"Datse hagu. Wannan karan ba a gayyace shi ba."
Na datse.
"Kin yi rowa. Bar mata wurin da za ta kalla."
Na mayar da faɗin yatsa biyu.

Ita ce, farar gizo-gizo, ta lafe a tsakiyar fure,
hannuwa a buɗe kamar mai jiran baƙo.
Hoto goma sha huɗu Kaka ta ɗauka ba ta motsa ba:
a wani, ido ya fito, ciki ya yi dishi-dishi,
a wani, gashin ƙafa ne kaɗai ya yarda.
Na jera su, na haɗe su wuri guda,
kowanne ya ba da ɗan abin da ya gani.

Kore ya yi ihu, na rage masa murya.
Duhun baya ya yi tsaki-tsaki, na tankaɗe shi.
Kaifi kuwa gishiri ne, in ji Kaka,
a idanu kawai za ki barbaɗa,
in ya yi yawa miyar ta tashi aiki.

Sai na ɗaga inuwar da ke ƙarƙashin fure.

Kaka ta gyara tabarau, ta sa farce a allo.
Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa.
Bakwai.
Inda ta takwas za ta zauna
ɗan dungulmi ne, ya warke tuntuni.

"Za ki iya yi mata ƙari?"
Na ce minti biyu ma ya isa.
Na kwafo ƙafar dama, na juya ta, na dasa a hagu,
na shafe bakin ɗinkin har ni kaina na ɓata.
Kyakkyawa ta fito, cif-cif,
irin wadda ake bugawa a kalandar banki.

Shiru ya yi tsawo.
Shayin lemo ya huce a kofi.
A waje iskar teku na kaɗa ganyen ayaba.

"Inuwarta ta faɗi gabas," in ji ta,
"sauran bakwai duk yamma suka faɗi.
Na yi wa mutane faci shekara hamsin,
na san zaren aro ko a duhu."
Ta ɗora hannunta mai rawa a kan nawa,
muka danna tare, ƙafar ta koma inda ta fito.

Mun bar dungulmin. Mun ma ƙara masa haske kaɗan.

Yanzu hoton na rataye a kicin, kusa da tukwane.
Maƙwabcinmu Anacleto ya tsaya gabansa ranar Lahadi,
ya ce, "Ai kun manta ƙafa ɗaya."
Kaka na yanka kabeji, ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, "Jeka bakin ruwa ka gaya mata.
Da bakwai ɗin ta kama zuma a gabana."